Bushewar baki: Kafin a ɗora wa hunturu laifi, a leƙa ledar magani

 

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ƙorafin da ya fi yawa a gaban kantar magani, in aka cire mura da tari, shi ne na bushewar baki. Wani ya ce yana farkawa tsakar dare ya ji harshensa ya manne da ganɗa. Wata ta ce tuwo ba ya wuce mata sai da ruwa a gefe, loma ɗaya kurɓi ɗaya. Malamin makaranta ya ce kafin ya kai rabin darasi murya ta dushe. Kuma kusan kowa da amsarsa yake zuwa: ai iska ce. Mu da muke wannan yanki na Mubi, daga cikin gari har Sahuda a bakin iyakar Kamaru, ba mai ba mu labarin hunturu, mun san yadda yake tsaga leɓe ya sa faso a ƙafa. Iskar tana da nata kason, ban musa ba. Amma akwai bakin da tun da damina yake a bushe, hunturu ya zo ne kawai ya tona masa asiri. Irin wannan bakin nake so mu tattauna a kansa yau, domin sau da yawa musabbabinsa yana cikin ledar maganin da ke rataye a ƙusa ko take ƙarƙashin matashin kai.

Bari mu fara da yawun kansa, tunda abu ne da aka raina, sai ya ƙafe ake sanin ranarsa. Lafiyayyen babban mutum yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kullum, kwatankwacin ledar fiya wata 1 zuwa 3. Manyan maɓuɓɓugansa 6 ne, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, wato wurin da hangum ke kumbura wa yara, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ga kuma ƙanana bila adadin a cikin leɓe da kumatu. Kusan kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne, amma ɗan ragowar nan shi ke yin babban aiki. Shi ke rage ƙarfin ƙwayoyin cuta, shi ke kashe tsamin da ke taruwa a baki bayan an ci zaƙi, shi ke mayar wa haƙori ma'adinan da tsamin ya zaizaye. Ko ɗanɗano ma sai abinci ya jiƙa da yawu harshe ke jin sa. Shi ya sa mai busasshen baki yake ta yi wa uwargida ƙorafin miya ba gishiri, alhali miyar lafiyarta ƙalau. Da dare kuwa yawun kowa raguwa yake yi sosai, don haka wanda nasa dama kaɗan ne, cikin dare yake fi jin jiki.

Bushewar baki iri biyu ce, kuma rarrabe su shi ne rabin magani. Akwai wadda jiki ne gaba ɗaya ya rasa ruwa. Akwai kuma wadda ruwa na nan a jiki, amma maɓuɓɓugar yawun ce aka toshe.

Ta farko ba ta da wuyar ganewa. Mutum yana jin ƙishirwa, fitsarinsa kaɗan ne kuma ya yi ja kamar ruwan shayi, in ya sha ruwa sosai kafin yamma ya warware. Ita ce ke damun direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Mubi da Sahuda, da masu dakon kaya a bakin iyaka, da dillalan da ke wuni a tsaye a kasuwar shanu. Ita ce kuma ke damun mata da yawa, waɗanda da gangan suke ƙin shan ruwa ranar kasuwa ko ranar tafiya saboda babu bayan gida mai tsafta a hanya. Wannan na san ba laifinsu ba ne, amma ƙoda ba ta san uzuri ba.

Inda wannan irin ke zama abin gaggawa shi ne ga yaro mai gudawa ko amai. In bakinsa ya bushe, idonsa ya faɗa, yana kuka ba hawaye, maɗigar jariri ta loɓa, to ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Ba a shafa wa maɗiga komai ta taso, ruwa take nema. A haɗa ruwan gishiri da sukari na leda, ƙunshi 1 a lita 1 ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata 2, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti, kuma kada a tsayar da nono. Waɗanda suka ga annobar amai da gudawa da ta faɗa wa Mubi a 2018 sun san ba a kwana da irin wannan a gida.

Akwai kuma ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa. Mutum ya sha, ya sha, bakin na nan a bushe, fitsari kuma ba iyaka, cikin dare ya tashi sau uku sau huɗu, yana ci amma yana ramewa. Wannan ciwon sukari ake zargi har sai gwaji ya wanke shi. Sukarin da ya yi yawa a jini yana fita ta fitsari ne yana jan ruwa tare da shi. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa da safe kafin a karya. In awo ya nuna 126 ko sama da haka, ko 7 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, a je asibiti a maimaita. Abin takaici, mai wannan ƙishirwa lemon kwalba mai sanyi yake fi nema, yana ƙara wa wutar fetur.

To, yanzu mu zo kan iri na biyu, wanda shi ne ainihin fagena.

Maɓuɓɓugar yawu ba ta aiki sai jijiya ta kai mata saƙo. Shi ya sa ƙamshin tsire kaɗai ke tsinka yawu, tsoro kuma ke busar da shi nan take. Magunguna da dama, ɗaruruwa a gaskiya, suna tare wannan saƙo a hanya. Wanda ya fi kowanne yawa a gidajenmu shi ne maganin mura da ƙaiƙayi, irin su Piriton da Phenergan. Sinadarin da ke cikin Piriton yana ɓoye a cikin ƙwayoyin mura da ruwan maganin tari da dama. Aikinsa ne ya busar da majina, to bai san iyakar hanci da baki ba. Sai ka ga mutum ya sha ƙwayar mura da safe, ya kurɓi maganin tari da rana, ya haɗiyi Piriton da dare don ya samu barci. Abu ɗaya ya sha sau uku da sunaye uku. Ga hancin a toshe, da baki yake numfashi har gari ya waye, ga busasshiyar iska. Ina yawu zai samu wurin zama?

Sai Buscopan da ake sha don murɗar ciki da ciwon mara. Sai amitriptyline, kamar yadda ake rubuta shi a kwali, wanda likitoci ke bai wa masu damuwa, da masu rashin barci, da masu ciwon sukari da ƙafafunsu ke zafi kamar barkono. Wannan yana cikin waɗanda suka fi busar da baki. Sai wasu magungunan taɓin hankali, da Artane da ake haɗa su da shi, da maganin da ake bai wa masu yoyon fitsari. Sai na hawan jini: masu sa fitsari irin su Lasix da Moduretic suna rage ruwan jiki, Aldomet da ake yawan bai wa masu juna biyu shi ma yana busar da baki.

Saƙon jijiyar nan da na ambata ba yawu kaɗai yake sarrafawa ba. Shi ke kula da gumi, da hawaye, da motsin hanji, da sakin fitsari. Saboda haka idan Baba ya ce bakinsa ya bushe, kuma bayan gida ya yi tauri, ido yana hazo-hazo, fitsari sai da yunƙuri, ko an ga ya fara rikicewa yana manta abin da aka faɗa masa yanzu, kada a yi saurin cewa tsufa ne. A duba abin da yake sha. Tsufa shi kaɗai ba ya ƙafar da yawu har haka. Abin da ke faruwa shi ne dattijo yana shan magani 4 ko 5, kowanne ya ɗebi nasa kaɗan, su taru su zama babba. Namijin da dama yake da kumburin mafitsara ta ƙasa, wadda ke matse hanyar fitsari ga maza in an manyanta, ƙwayar mura kaɗai tana iya tsayar masa da fitsari cak. Kuma da yake waɗannan magunguna suna rage gumi, in bazara ta shigo, zafin Maris da Afrilu yana iya kayar da mai shan su.

'Yan uwana mata, ga namu. Maganin ƙiban nan da ake kira sha-ka-fashe, wanda ake ɗura wa amare kafin biki, ake sayarwa a gidajen gyaran jiki cikin kwalba ba suna, galibi abu biyu ne a cikinsa. Na farko cyproheptadine, ɗan uwan Piriton ne, yana buɗe ciki, yana sa barci, yana busar da baki. Na biyu dexamethasone, wanda ke kumbura fuska a ɗauka ƙiba ce, yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki har farin kumfa ya fito a harshe. Yarinya 'yar shekara 19 ta zo da busasshen baki da farin harshe, in ka tambaye ta ko tana shan wani magani ta ce a'a, domin a wurinta wannan ba magani ba ne, kayan gyara ne. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta yanke rana ɗaya, dexamethasone a hankali ake janye shi a ƙarƙashin kulawar likita, yanke shi kwatsam yana da nasa haɗarin.

Samari kuma, tiramadol da kodin da wiwi duk suna ƙafar da yawu. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma tiramadol bai bar tasha da bakin iyaka ba. Uwa, in ɗanki kullum yana lasar leɓe, gorar ruwa ko lemo ba ta barin hannunsa, yana gyangyaɗi da rana, haƙoransa sun fara cinyewa daga gindi, ban ce ki yanke hukunci ba. Na ce dai ki zauna da shi. Taba sigari, da shisha, da tabar gari da ake cusawa a leɓe, su ma suna cikin lissafi.

Zaman kusa da iyaka yana ƙara mana wata matsala. Magani yana shigowa ta kowane ɓangare, wani da rubutun Faransanci, wani an ɓare shi daga kwalinsa an ƙulla a leda, ja da fari da rawaya, a ce maka haɗin ciwon jiki ne. Mai tallan da ke yawo da shi a faranti cikin rana shi kansa bai san abin da ya ƙulla ba. In akwai kwali, sauƙin abin shi ne sunan sinadarin da ke ƙarƙashin babban suna kusan iri ɗaya ne a Turanci da Faransanci, za mu iya karantawa. In ƙullin leda ne, sai dai mu yi hasashe da launi, kuma ba a gina lafiyar mutum a kan hasashe. A nemi mai kwali, mai lambar NAFDAC, daga kantin da ke da lasisi.

To me za a yi? Abu na farko, kuma ina roƙo da babbar murya: kada wanda ya karanta wannan ya je ya ajiye maganin hawan jininsa ko na taɓin hankali saboda bakinsa ya bushe. Busasshen baki ana zama da shi a lallaɓa, shanyewar ɓarin jiki kuwa ba a dawo da ita. Abin yi shi ne a tattaro duk abin da ake sha, na asibiti, na kemis, na gargajiya, na gyaran jiki, har wanda maƙwabciya ta ba da, a zuba a leda ɗaya a kai wa likita ko masanin magunguna. A tuna kuma yaushe bushewar ta fara, domin sau da yawa za a tarar mako ɗaya ko biyu ne bayan an fara wani sabon magani. Daga nan akwai hanyoyi. Wani maganin a cire shi saboda dama maimaici ne. Wani a sauya shi da ɗan uwansa, misali akwai magungunan atishawa da ƙaiƙayi na zamani da ba su cika busar da baki ko sa barci ba. Wani a rage yawansa, wani a sauya lokacin shansa. Magungunan hawan jini iri-iri ne, likita yana da zaɓi in an gaya masa.

Kafin a kai ga haka, ga abin da ke kawo sauƙi. Ruwa kurɓi-kurɓi cikin yini ya fi a ɗaga kofi uku a lokaci ɗaya, a ɗan juya shi a baki kafin a haɗiye, a kuma ajiye kofi kusa da shimfiɗa. Amma masu ciwon zuciya ko na ƙoda da likita ya ƙayyade musu ruwa, kada su ƙara, su tsotsi 'yar ƙanƙara ko su kuskure baki su zubar. Tauna tana tayar da yawu, don haka cingam marar sukari yana aiki, musamman wanda aka rubuta xylitol a jikinsa. Aswaki ma haka, ga tauna ga tsafta, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ɓangaren abinci, Allah Ya hore mana miyar yauƙi: kuɓewa, karkashi, kuka, lalo, duk suna sulalar da tuwo ba wahala. Kunun gyaɗa da ɗuminsa, kankana, kokwamba, nono marar sukari. A ɗan ja baya da kilishi, da ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da yaji mai yawa, domin busasshen baki saurin ƙujewa yake. Kafin a haɗiyi ƙwaya a fara jiƙa maƙogwaro, a bi ta da cikakken kofi, kada ta maƙale. Leɓe a shafa masa man kaɗanya ko basilin, a daina lasa, lasar ce ke ƙara tsaga shi. Da dare a kawar da fanka daga saitin fuska, a shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki. Wanda hancinsa ke toshewa ya ɗiga ruwan gishiri na hanci kafin ya kwanta. Mai minshari mai ƙarfi, wanda matarsa ke jin numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, wannan maganar likita ce.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne dabarun da mutane ke yi wa kansu. Mutum ya cika aljihu da Tom Tom ko wata alewa, daga wannan sai wannan tun safe har dare. Yawu yana ɗan zuwa, gaskiya ne, amma an jiƙa haƙora da sukari wuni guda a bakin da ba shi da abin wanke shi. Wani kuma lemon tsami yake tsotsa, ko tsamiya, ko zoɓo mai tsami da sukari. Tsami yana tsinka yawu, amma yana cin fatar haƙori, kuma babu isasshen yawun da zai kashe shi. Ruɓewar haƙori ta mai busasshen baki daban take, daga gindin haƙori kusa da dasashi take farawa, kuma tana gudu. Mutumin da ya shekara 50 bai taɓa ciwon haƙori ba sai ka ga cikin ɗan lokaci ana cire masa ɗaya bayan ɗaya. Goro fa? Na san taɓa goro a nan kamar taɓa sarauta ne. Taunarsa tana kawo yawu na ɗan lokaci, sai dai ɗacin nan nasa yana barin baki a ɗaure, ga shi yana hana barci. Haka shayi mai kauri da samari ke dafawa a majalisa, zagaye uku da sukari kamar zuma. Ban ce a daina ba, a rage, a bi da ruwa. Ruwan kuskure baki na kwalba ma a karanta, mai sinadarin barasa a ciki ƙara busarwa yake yi.

Saboda haka mai wannan matsala dole ya fi kowa kula da haƙoransa. Buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare. Bayan an goge a tofar kawai, kada a kuskure da ruwa, don sinadarin ya zauna a kan haƙori. Masu haƙoran roba su cire su da dare. A riƙa leƙa likitan haƙori ko ba a jin ciwo.

Akwai ɗan gwajin da za a iya yi a gida. A ɗauki busasshen biskit a tauna a haɗiye ba ruwa. In ya gagara, yawun ya ragu da gaske. Mata kuma, in jan baki yana yawan mannewa a haƙoran gaba, alama ce da likitoci ma suke dubawa.

In an duba magunguna ba a ga komai ba, sukari lafiya, amma bushewar ta wuce mako biyu, a je asibiti. Haka in ta zo da farin kumfa a harshe ko tsagewar gefen baki, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburi a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi mai zafi lokacin cin abinci, wanda kan iya zama tsakuwa ce ta toshe hanyar yawu. Cuta mai karya garkuwar jiki tana kawo bushewar baki, gwajinta kuma ba abin kunya ba ne. Waɗanda aka gasa wa ciwon daji a kai ko wuya su ma suna fama da ita. Sannan akwai wata cuta da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, wadda wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin mai suna Henrik Sjögren ya yi bayaninta a 1933, ake kuma kiranta da sunansa. Kusan 9 cikin 10 na masu ita mata ne, yawanci waɗanda suka haura 40. Alamarta baki a bushe, ido kamar an watsa yashi, gaɓoɓi suna ciwo, ga gajiya. Irin wannan sai an haɗa da gwajin jini, a fara daga babban asibiti a nan Mubi, in ta kama a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Akwai yawun roba na fesawa ko shafawa, akwai kuma ƙwayar da ke tayar da maɓuɓɓugar, amma wannan likita ne kaɗai ke rubuta ta, domin ba ta dace da masu asma da wasu masu ciwon zuciya ba.

In azumi ya ƙarato, masu shan maganin sa fitsari da masu ciwon sukari su ga likitansu tun da wuri a tsara musu lokutan sha, kada a bari sai an kai azumi na uku baki ya bushe jiri ya fara ɗiba. A kan wannan za mu tsaya mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.